Yadda Ake Zaɓen Kaurin Tsirkiyoyin Jitar Bas Don Ƙarfin Jansu Ya Zo Daidai

Ɗauki jitarka ta bas, wato babbar jitar nan mai sauti ƙasa wadda ake kiran tsirkiyoyinta huɗu E, A, D da G daga mai kauri zuwa siririya, ka saita sautinta, ka ja tsirkiyar D da yatsa, sannan ka ja ta E da ƙarfi iri ɗaya. A yawancin jitoci za ka ji D ta tsaya ƙyam tana ture yatsanka, ita kuwa E, duk da ta fi kowace kauri, ta yi laƙwas tana neman dukan firet, wato ƙarafan nan da aka jera a gicciye a kan wuyan jitar. Na daɗe ina ɗora wa hannuna laifin wannan, ina cewa ban iya daidaita bugu ba. Sai da na zauna da takardar alƙaluman wani kamfanin tsirkiya na gane ashe haka kunshin ya zo tun daga masana'anta. Gyaran ba shi da wuya, amma yana son awo, ɗan lissafi, da haƙurin sake saita jitar bayan an canza.

Kayan aiki

Kana buƙatar tef ɗin awo mai inci, da na'urar saita sauti ko manhajarta a waya, da kalkuleta, da takarda da biro. Sai filayar yanka waya, alanki mai shiga sandar ƙarfen da ke cikin wuyan jitar, ƙaramin alanki ko sukudireba na babban jaki, wato wurin da tsirkiyoyi ke zaune a jikin jitar, da rula ta ƙarfe mai milimita. In akwai ma'aunin kauri na dijital, ya fi. In babu, kwalin tsirkiyoyin da ke kan jitar ya isa, domin an rubuta kaurin kowace a jiki. Ka nemi kuma siririn magagari mai zagaye saboda ramukan ƙaramin jaki, wannan ɗan farin abin da tsirkiyoyi ke ratsawa a ƙarshen wuya kafin su isa kunnuwan ɗauri.

Abin da ya kamata ka sani kafin ka taɓa komai

Lambar da ake rubutawa a kwali kauri ce a ma'aunin inci kashi dubu. Tsirkiya mai lamba 45 kaurinta inci 0.045 ne, mai 105 kuwa inci 0.105. Ƙarfin da tsirkiya ke jan wuyan jita da shi ana auna shi da laba ko kilo, kuma abu uku ne ke yanke shi: nauyin tsirkiyar, tsawon ɓangaren da ke karkarwa, da sautin da aka ɗaure ta a kai. Tsirkiyar E tana karkarwa sau 41.2 a daƙiƙa, A sau 55, D sau 73.4, G sau 98. In jitarka mai biyar ce, B ta ƙasa tana yin sau 30.9.

Yanzu dubi kunshin da aka fi sani, mai 45, 65, 80, 100. A kan jita mai tsawon inci 34, alƙaluman kamfanin D'Addario na tsirkiyoyinsu na nikel sun nuna G tana ja da kusan laba 43, D kusan 51, A kusan 42, E kuwa 36 da rabi. Tsakanin D da E akwai tazarar kusan laba 15. Wannan tazarar ce yatsanka ke ji. Jimillar duka huɗun ta kai laba 172, kusan kilo 78, kuma siririn wuyan katako ne ke ɗauke da wannan nauyi dare da rana. Riƙe wannan adadi, za mu dawo kansa.

1. Auna tsawon jitarka

Sa bakin tef a gefen ƙaramin jaki da ke fuskantar firet, ka ja zuwa kan ƙarfen firet na 12, sai ka ninka abin da ka samu sau biyu. In ka samu inci 17, jitarka mai inci 34 ce, tsawon da Fender Precision ta zo da shi a 1951, wanda har yau shi ne aka fi yi. Akwai gajeru masu inci 30 irin su Fender Mustang, akwai matsakaita masu 32, akwai kuma masu 35, musamman a cikin masu tsirkiya biyar.

Kada ka auna har zuwa babban jaki kai tsaye, domin kowace tsirkiya mazauninta daban yake a can, wata gaba wata baya, sai awon ya ruɗa ka.

Tsawon yana da tasiri fiye da yadda ake zato. Tsirkiya ɗaya, sauti ɗaya, in ka ɗauke ta daga jita mai 34 ka kai ta mai 30, ƙarfin janta zai ragu da kusan kashi 22 cikin ɗari. In ka kai ta mai 35 zai ƙaru da kusan kashi 6.

2. Yanke shawarar sautin da za ka zauna a kai

Kafin ka sayi komai, ka tabbatar da yadda kake saita jitar kullum. Duk saukar da ka yi ta firet ɗaya, ƙarfin ja yana raguwa da kusan kashi 11 cikin ɗari. Firet biyu, kusan kashi 21. Mai sauke sautin tsirkiyar E firet biyu zuwa sautin D, tsirkiyar da dama can ita ce ta fi sanyi ya ƙara sassautawa, shi ya sa take faɗa wa firet tana ƙara kamar gwangwani. Maganin shi ne ƙara kauri da kusan kashi 6 cikin ɗari a kan kowane firet da aka sauka. Mai 105 a E, in zai zauna a D, 118 ko 120 ce tasa.

In kuwa wani lokaci kana E wani lokaci D, ka zaɓi tsakiya, kamar 110 ko 112, ka yarda cewa a E za ta ɗan yi tauri, a D ta ɗan yi laushi.

3. Nemo tsirkiyar da hannunka ya fi so

Mutane da yawa suna tsallake wannan mataki, su tafi neman lambar da wani shahararren makaɗi yake amfani da ita. Hannunsa daban, naka daban. James Jamerson, makaɗin bas na kamfanin waƙa na Motown a Amurka, ya yi aiki da tsirkiyoyin La Bella masu santsi da kauri sosai, amma wannan bai sa su zama na kowa ba.

Kunna amfilifaya, ka yi wasa na minti goma, irin wanda ka saba. Ka lura da tsirkiyar da yatsanka ke ratsa ta ba tare da ka yi tunani ba, wadda ba ta gajiyar da kai, ba ta kuma zille maka. Ita ce ma'auninka. Rubuta kaurinta da sautinta. A wurina kullum A ce mai 80, kuma na ga haka ga yawancin waɗanda na taya wannan aiki. Mai bugu da ƙarfi yakan zaɓi D, mai tafiyar yatsu a hankali yakan zaɓi wadda ta fi laushi.

4. Yi lissafin sauran

Ga dabarar da ta fi komai amfani a wannan rubutu. Daga kowace tsirkiya zuwa maƙwabciyarta mai sauti ƙasa, karkarwa tana raguwa da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Don ƙarfin ja ya zama ɗaya, sai kauri ya ƙaru da kashi ɗaya cikin uku. Wato in za ka sauka, ka ninka da 1.335, in za ka hau, ka raba da 1.335.

Mu fara da A mai 80. Sauka zuwa E: 80 sau 1.335 ya ba da 107. Hawa zuwa D: 80 raba 1.335 ya ba da 60. Hawa zuwa G: 60 raba 1.335 ya ba da 45. Kunshinka ya zama 45, 60, 80, 107. Ka ga G da A ba su motsa ba, D ce ta sirance, E ta ƙara jiki. D'Addario ma suna sayar da kunshi mai waɗannan lambobi daidai, da wani mai nauyi na 50, 67, 90, 120. Mai son laushi, in ya fara da G mai 40, zai samu 40, 53, 71, 95, sai ya ɗauki mafi kusa da su a cikin waɗanda ake samu.

Wannan lissafi kusanto ne. Tsirkiyar bas waya ce a ciki da wata waya naɗe a kanta, wani lokaci naɗi biyu ko uku, don haka tsirkiyoyi biyu masu kauri ɗaya ba lallai nauyinsu ya zama ɗaya ba. In kamfanin ya wallafa nauyin kowane inci na tsirkiyarsa, za ka iya samun ainihin adadin. Ninka tsawon jitar sau biyu, ka ninka da yawan karkarwa, ka ninka abin da ya fito da kansa, ka ninka da nauyin inci ɗaya, sannan ka raba da 386.4. Misali E mai 100, wadda nauyin incinta kusan laba 0.0018 ne: 34 sau 2 sau 41.2 ya ba da 2801.6, ninka shi da kansa ya kai kusan 7,849,000, sau 0.0018, raba 386.4, ya fito laba 36 da ɗoriya. Yi wa kowace haka ka jera su a takarda. In tazarar babba da ƙarama ba ta wuce laba 3 ko 4 ba, ka tsaya nan, yatsa ba zai bambance ba.

Ga mai tsirkiya shida, C ta sama takan faɗo tsakanin 32 da 35.

5. Tsirkiyar B, inda lissafi ke buƙatar a taka masa birki

Kunshi mai biyar yakan zo da B mai 125 ko 130. Mai 130 a kan inci 34 tana ja da kusan laba 34 da rabi, ita ce mafi sanyi a duk jitar, shi ya sa ake yawan kuka da ita. Lissafinmu ya ce 107 sau 1.335, wato 143.

Amma a nan ina ba da shawarar a yi hattara. Tsirkiya in ta yi kauri da yawa tana yin tauri kamar sanda, ba ta lanƙwasuwa da kyau a kan jaki, kuma sautinta daga firet na 7 zuwa sama yakan toshe, har na'urar saita sauti ta riƙa rawa ta kasa tsayawa. Na gwada 145 na wata biyu. A buɗe da firet biyar na farko ta yi daɗi ƙwarai, sama da nan kuwa sai ka ji kamar an rufe ta da bargo. Na dawo 135, na zauna. In jitarka mai inci 35 ce, 130 ko 135 sun wadatar. In ka nace sai mai kauri, nemi irin wadda aka sirantar da ƙarshenta daidai inda take hawa jaki, tana zama da kyau kuma tana shiga ramin da cikakken kaurin ba zai shiga ba. Ka duba wannan rami na babban jaki tun kafin ka saya, wasu ba sa karɓar fiye da 130.

6. Zaɓi irin tsirkiyar, kuma kada ka gauraya

Ƙarfin ja daban, yadda yatsa ke jin tauri daban. Tsirkiyar da wayar cikinta mai kusurwa shida ce ta fi tauri a hannu fiye da wadda wayar cikinta zagayayya ce, ko da alƙalumansu sun yi kusa. Masu santsi yawanci sun fi masu kaushi tauri, ko da yake akwai irin su Thomastik-Infeld na Austiriya masu 43, 56, 70, 100, waɗanda santsi gare su amma laushinsu ya ba mutane da yawa mamaki.

Saboda haka in za ka haɗa kunshinka ɗaya-ɗaya, duka su fito daga kamfani ɗaya, layi ɗaya, ƙarfe ɗaya. Nikel a nan, ƙarfe mara tsatsa a can, sai ka gyara matsalar yatsa ka jawo ta kunne, wata tana ƙara wata tana shiru. Haka sabuwa ɗaya a tsakiyar tsofaffi uku, za ta yi ta ƙyalli ita kaɗai.

In ba a samun ɗaya-ɗaya a inda kake, nemi kunshin da ya fi kusa. Mai 45, 65, 80, 105, irin lambobin Rotosound Swing Bass, ya riga ya gyara E, saura D kawai. Ka guji mai 45, 65, 85, 105 in daidaito kake nema, domin A mai 85 tana kai kusan laba 48, sai tsakiya biyu su yi tauri, gefe biyu su yi laushi. Wata hanya kuma ita ce ku haɗa kai da wani makaɗi, ku sayi kunshi mai nauyi da mara nauyi na layi ɗaya, ka ɗauki D daga mara nauyi da E daga mai nauyi.

Duba tsawon tsirkiyar ma. Auna tsohuwar daga ƙwallon gindinta zuwa inda ta ƙetare ƙaramin jaki. Naɗin mai kauri dole ya wuce ƙaramin jaki, amma kada ya hau kunnen ɗauri, in ya hau yana iya karyewa. Jitar da tsirkiyarta ke ratsa jikin katako daga baya tana cin tsawo fiye da sauran.

7. Gwada ramukan ƙaramin jaki kafin ka ɗaura

Ɗora sabuwar tsirkiyar a raminta ba tare da ɗauri ba. Ya kamata ta zauna har ƙasa ta kuma zame gaba da baya ba tare da kamawa ba. In ta tsaya a bakin rami, kada ka ce ɗauri zai tura ta. Na taɓa yin wannan gangancin da 120 a ramin da aka yanka wa 100. Ina murɗa kunne sai na ji ƙas, gefen jakin na waje ya ɓalle ya faɗi a cinyata, ɗan guntu bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba, amma ya hana jitar aiki sai da aka yi mata sabon jaki. Ramin E da na B su ne a bakin gefe, naman da ke riƙe su kaɗan ne.

Faɗaɗa ramin da magagari, gefe da gefe kawai, kada ka taɓa ƙasansa. In ka zurfafa shi, tsirkiyar za ta riƙa dukan firet na farko in an buga ta a buɗe. Goga sau uku ko huɗu, ka gwada, ka sake. In babu magagari, yanki guntun tsirkiya mai kaushi mai irin kaurin da kake so, ka riƙa goga shi a ramin, yana ci a hankali kuma ba ya wuce gona da iri. Daga 100 zuwa 107 sau da yawa ba a ma buƙatar komai. Ita kuwa D da ta sauka daga 65 zuwa 60 ba ta damuwa da ɗan faɗin da ya rage, muddin ta sauka zuwa kunne da kyakkyawan kwana.

8. Ɗaura su

Canza ɗaya bayan ɗaya don wuyan kada ya saki gaba ɗaya. Bar tsawon inci 3 zuwa 4 bayan kunnen, wanda zai ba ka naɗi biyu ko uku. Lanƙwasa tsirkiyar kwana sosai kafin ka yanke, ka yanke bayan lanƙwasar. Ga masu zagayayyar wayar ciki wannan wajibi ne, in ka yanke a miƙe naɗin yana kwancewa, tsirkiyar ta mutu tun ba a buga ta ba. Naɗin ya riƙa sauka ƙasa, kowane a ƙarƙashin na baya. Kada ka naɗa da hannu kana zagaya kunnen, hakan yana murɗe wayar ciki. Juya kunnen da kansa.

In ta kai sautinta, danna ta da babban yatsa daidai gaban babban jaki da gaban ƙaramin jaki don ta kwanta. Masu kauri sun fi buƙatar wannan. Ja ta a hankali sau biyu ko uku, ka sake saitawa.

9. Sake saita wuya, tsayi da daidaiton sauti

Ka tuna da laba 172 ɗin nan. Haɗa jimillar sabon kunshinka ka kwatanta. Daga 45, 65, 80, 100 zuwa 45, 60, 80, 107 jimillar kusan ɗaya ce, wuyan ba zai motsa sosai ba. Zuwa 50, 67, 90, 120 kuwa an ƙara masa kaya mai yawa, zai ranƙwafo gaba.

Bar jitar ta kwana. Washegari danna E a firet na farko da na ƙarshe lokaci ɗaya, wani ya taya ka in hannu bai kai ba, ka dubi ratar da ke tsakanin tsirkiyar da ƙarfen firet na 8. Kusan milimita 0.3 ake so, kaurin katin adireshi irin na 'yan kasuwa. In ratar ta yi yawa, ɗan sassauta tsirkiyoyi, ka ɗaure sandar wuya ta hannun dama. In babu rata, sassauta ta. Kwata ɗin juyi ko ƙasa da haka a lokaci guda, ka saita sauti, ka sake dubawa. In sandar ta ƙi juyawa, ka dakata ka kai wa mai gyara, karyewarta babbar asara ce.

Sai tsayin tsirkiya. A firet na 17, kusan milimita 2.4 a gefen E da 2 a gefen G mafari ne mai kyau. Da yake E ta ƙara ƙarfi, sau da yawa za ka iya sauke ta ƙasa da inda take a da ba tare da ta daki firet ba.

Daga nan buga tsirkiya a buɗe, ka danna ta a firet na 12, ka dubi na'ura. In na buɗe ya zauna daidai amma na 12 ya haura, ja mazaunin tsirkiyar baya, nesa da wuya. In ya gaza, tura shi gaba. E mai ƙarin kauri takan so komawa baya, D siririya takan so matsowa gaba.

10. Ba su mako biyu

Hannunka ya saba rama wa tsohon kunshin, yana bugun D da ƙarfi yana lallaɓa E ba tare da ka sani ba. Kwanakin farko D za ta yi maka kamar ta sirance da yawa. Yi haƙuri, ka ɗauki sautin kanka a waya kana hawa da sauka a kan duka tsirkiyoyin, ka saurara daga baya.

In bayan mako biyu D da G har yanzu sautinsu bai cika maka kunne ba, fara da ɗaga gefen fikof, wato na'urar ɗaukar sauti da ke ƙarƙashinsu, da rabin juyin sukuru. In bai yi ba, koma 62 ko 65 a D ka bar E a 107. Wasu kuma sun fi son ƙarfin ya riƙa ƙaruwa kaɗan-kaɗan daga G zuwa E, kamar 40, 55, 75, 105, domin mai kauri tana lilo da faɗi, ƙarin ja yana riƙe ta. Duk canjin da za ka yi, tsirkiya ɗaya a lokaci guda, ka rubuta lambarta da kwanan wata a takardar da ka yi lissafi, ka ajiye takardar a cikin akwatin jitar.